Kwamfuta a Kan Keke: Wace Jaka Ce Ta Dace da Titunan Abuja?

  Shirin namu na yau zai tsaya a kan wani abu da ake yi wa kallon ƙarami, alhali kuskure a cikinsa na iya cinye abin da mutum ya yi watanni yana tarawa: irin jakar da mai hawa keke zai zaɓa idan zai ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka zuwa ofis, ko makaranta, ko wurin sana'a. Keken da nake nufi shi ne mai ƙafa biyu da ake tuƙawa da feda, ba Keke Napep ba. Tun daga farko zan faɗi inda na tsaya, don ku auna hujjojina da kanku. A wannan gari namu na Abuja, da zafinsa da ruwansa da nisan unguwanninsa, keke ne ya kamata ya ɗauki kwamfuta, a cikin jakar da ake rataye wa a gefen kariyar keke, mutum kuma ya tafi bayansa sakayau. Akwai masu ganin akasin haka, kuma maganarsu tana da nauyi, zan zo kanta.

Wani zai ce, wa ma yake hawa keke a Abuja? Tambayar tana da tushe. Garin nan da Janar Murtala Muhammed ya zartar da gina shi a 1976, aka kammala taswirarsa a 1979, gwamnati ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, an shimfiɗa shi ne da mai mota a zuciya. Tituna ne masu faɗi, da gadojin sama, da unguwanni nesa da juna, kuma a mafi yawansu ba a ware wa keke hanyarsa ba. Dattawa za su tuna marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya riƙa kira a rungumi keke a 2001, ya kuma hau da kansa zuwa wurin aiki, har mota ta ture shi cikin kwata. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin abin dariya. Amma lissafi ya sauya tun daga lokacin. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, zamanin Nasir El-Rufai yana ministan Abuja. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a Jabi yana aiki a Utako ko Wuse, ko mai zirga-zirga a cikin Gwarinpa ko cikin Kubwa, idan ya dubi kuɗin tasi na wata guda, keke ya daina zama abin raini a wurinsa. Sai dai galibin irin waɗannan mutane abincinsu yana cikin kwamfuta, wadda ko ta hannu ce kuɗinta ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba.

Kafin a yi maganar jaka, sai a san abin da ke kashe kwamfuta a hanya. Wurin da ya fi rauni a jikinta shi ne murfin da ke ɗauke da gilashi. Siriri ne, kuma ba a yi shi don ya ɗauki nauyi ba. Idan wani abu mai tauri, kamar kan caja ko kwanon abinci, ya danne bayan murfin a wuri ɗaya, gilashin kan tsage daga ciki ko ya fito da baƙin tabo, ko da ba ta faɗi ba. Bayan shi sai kusurwoyi huɗu da mahaɗar da murfin ke buɗewa a kanta, waɗanda su ke fara shan bugu duk lokacin da aka dire jaka da ƙarfi. Idan aka fahimci wannan, za a ga illar al'adar da muka gada daga masu kai kaya kasuwa: a kwantar da jaka a kan kariya a ɗaure ta tamau da igiyar roba. Wannan ɗauri ya dace da buhun masara ko jarkar ruwa. Ga kwamfuta kuwa, ya haɗa mata masifu biyu a lokaci guda, roba tana matse murfin daga sama, ƙarfen kariya yana dukanta daga ƙasa a kowane rami. Duk wanda ke yin haka, ina roƙonsa ya bari tun yau, ko da bai ɗauki komai daga sauran shirin nan ba. Kwandon gaba ma bai fi ba, domin kaya suna tsalle a cikinsa, nauyinsu yana rinjayar kan keke, ga shi kuma kowa yana ganin abin da aka ɗauko.

Abin da mafi yawan mutane ke yi shi ne goya jaka a baya, kuma dalilinsu a fili yake: jakar goyo tana ko'ina, tana da araha, kuma kusan kowa yana da ita tun kafin ya sayi keke. Matsalarta ta farko ita ce zufa. Mai tuƙa keke iskar da ke ratsa rigarsa ce ke sanyaya shi, jakar goyo kuwa tana toshe faɗin baya gaba ɗaya. A watannin Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35, ga kuma hawa da gangaren da garin ke da su ta wajen Maitama da Asokoro da Mpape, tafiyar minti 20 ta isa ta jiƙa bayan riga sharkaf. Wannan ya wuce maganar kunya a gaban abokan aiki, domin zufar tana ratsa bayan jakar, daidai inda aljihun kwamfuta yake. Matsala ta biyu ta fi damuna. Kwamfuta tana kai kilo 1.5 zuwa 2.5, idan aka haɗa caja da takardu da gorar ruwa sai kaya su doshi kilo 5. Nauyi irin wannan a saman baya yana hana mutum waiwaye cikin sauƙi, kuma a Abuja waiwaye rai ne. Duk wanda ya san mahaɗar Berger, ko AYA, ko shataletalen Area 1, ya san motoci suna shigowa daga gefe da gudu, kuma mai keke yana buƙatar juya kai da kafaɗa nan take ba tare da kaya sun ja shi gefe ba. Ga kuma maganar faɗuwa, Allah ya kiyaye. Wanda ya faɗi da jaka a baya, nauyin jikinsa duka kan sauka a kan kwamfutar, ita kuma tana manne da ƙashin bayansa.

Jakar rataya ta kafaɗa ɗaya ba sai na daɗe a kanta ba. Masu kai saƙo a kan keke a biranen Amurka sun so ta don suna buɗe ta sau da yawa a rana ba tare da sun sauke ba, kuma tasu tana da ƙarin maɗauri da ke kame ta a ƙirji. Irin wadda ake ba da ita tare da kwamfuta a shago ba ta da wannan maɗauri, sai ta riƙa zamewa gaba tana dukan gwiwa, mutum yana sakin hannu ɗaya yana mayar da ita baya a tsakiyar titi.

To, mu dawo kan jakar gefen kariya. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin ita ce ta mangalar jaki: a sauke kaya ƙasa-ƙasa a gefen dabba maimakon a tula shi a sama, sai tafiya ta daidaita. Kariyar keke mai kyau, wadda aka ɗaure da kusoshi a jikin ƙarfen keken, yawanci an yi ta ne ta ɗauki kilo 25, don haka kilo 5 ba komai ba ne a wurinta. Nauyin yana kusa da ƙasa, baya yana shan iska, wuya yana juyawa yadda ake so. Amma ba kowace jakar gefe ce ta cancanci kwamfuta ba, kuma nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Bayanta, wato ɓangaren da ke fuskantar taya, dole ya zama mai tauri, da farantin roba ko siririn katako a ciki, don kada ta lanƙwasa ta shiga cikin wayoyin taya. Ƙugiyoyinta na sama su kama ƙarfen kariya su kulle, sannan a sami wani makami a ƙasa da zai hana ta lilo. A cikinta kuma a sami aljihun kwamfuta mai soso, wanda aka ɗinke shi a rataye, gindinsa bai kai gindin jakar ba, ya bar tazarar kamar yatsu biyu. Wannan 'yar tazara ita ce ke tsare kusurwar kwamfuta ranar da jaka ta daki bakin titi ko aka dire ta a siminti. Kwamfutar ta tsaya a tsaye, murfinta yana kallon ɓangaren da babu abu mai tauri, caja kuma ta tafi aljihunta daban.

Yanzu ga babbar hujjar masu goyon jakar baya, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa jikin mutum yana shanye girgiza. Gwiwa da ƙugu da kafaɗa suna lanƙwasawa a kowane rami, don haka abin da ya isa ga kwamfutar da ke baya kaɗan ne, alhali wadda ke jikin kariya tana jin duk abin da taya ta ji. Wannan gaskiya ne. Sai dai a tambaya, wace kwamfuta, a kuma wace hanya? Tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda har yanzu suke da yawa a hannun ɗalibai, suna ajiye bayanai a kan faifai mai juyawa da ake kira HDD, wanda kan yi zagaye 5,400 a minti ɗaya, da wani siririn hannu da ke shawagi a samansa. Irin wannan ba ya son bugu, musamman idan yana juyawa. Sababbin kuwa suna amfani da SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, girgizar hanya ba ta dame shi sosai ba. Ko shi mai faifan, idan aka kashe kwamfutar gaba ɗaya, hannun nan yana komawa gefe ya kwanta, haɗarin ya ragu ƙwarai. Sannan manyan titunan cikin birni, a Garki da Wuse da Maitama da tsakiyar gari, suna cikin mafi kyau a ƙasar nan. Aljihu mai soso a rataye, da taya mai faɗi wadda ba a cika mata iska har ta zama dutse ba, da rage gudu a tudun rage gudu, sun isa su kare kwamfuta a irin waɗannan hanyoyi. Inda na yarda da su shi ne wannan: wanda hanyarsa ta kullum gargada ce, irin layukan cikin unguwannin bayan gari da ba a kai ga zuba musu kwalta ba, kwamfutarsa kuma mai faifai ce, tafiyar kuma gajeriya, to ya goya kwamfutar ita kaɗai a baya, ya bar wa kariya sauran kaya masu nauyi. Amma ga mai doguwar tafiya a kan kwalta, haɗarin girgiza bai kai haɗarin rashin waiwaye da na faɗuwa ba. Wanda kwamfutarsa mai faifai ce, idan ma zai iya, ya je wurin masu gyara a Banex da ke Wuse 2 ko makamancinsa a musanya masa faifan da SSD, aiki ne da ba ya ɗaukar lokaci a mafi yawan kwamfutoci.

Sai ruwa, wanda shi ne ya bambanta Abuja da garuruwan da da yawanmu muka fito. A Kano ko Katsina damina wata huɗu ce zuwa biyar. A nan kuwa tana farawa wajen Afrilu, ba ta tafiya sai Oktoba, ruwan shekara yana haura milimita 1,000, kuma sau da yawa hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci ya sauko da iska. Mai keke ba shi da rufi, kuma a kan hanyar filin jirgi ko ta Kubwa yana iya yin tafiya mai nisa bai sami mafaka ba sai ƙarƙashin gada. Mai shago zai ce maka jakarsa ba ta shan ruwa, kuma wataƙila yadin da gaske ba ya sha. Ruwa ba ta yadi yake shiga ba, ta zif yake shiga da ta ramukan allurar ɗinki. Shi ya sa jakunkunan da aka yi don ruwa da gaske, irin waɗanda kamfanin Ortlieb na Jamus ya yi suna da su tun daga shekarun 1980, ba ɗinka su ake yi ba, narka bakin yadin ake yi a manne shi, bakin jakar kuma naɗe shi ake yi sau uku a ɗaure, babu zif ko kaɗan. Jakar gefe tana da ƙarin abokin gaba, wato ruwan da tayar baya ke watsowa daga ƙasa haɗe da laka, don haka keken ya kasance da murfin taya. Wanda jakarsa ta ɗinki ce, ya sa kwamfutar a cikin leda mai kauri kafin ya sa ta a aljihunta, ya naɗe bakin ledar. Abu ne na 'yan nairori, kuma yana aiki.

Amma leda ko jaka mai hana ruwa tana hana iska ma, wanda ya kawo mu ga zafi. Mutane da yawa rufe murfin kwamfuta kawai suke yi su jefa ta a jaka. A wannan hali barci take yi, ba ta mutu ba, kuma takan farka da kanta a cikin jaka, fankarta tana juyawa babu inda iska za ta fita. Batirin lithium da ke cikinta zafi yana rage masa kwana, wani lokaci har ya kumbura ya ɗaga madannai. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da kwamfutocinsa a yanayin da ke tsakanin digiri 10 da 35, ku kwatanta wannan da cikin baƙar jaka a ranar Maris. Saboda haka a kashe ta gaba ɗaya kafin a fita, kada kuma a bar jakar a jikin keken da aka jingine a rana. Lokacin hunturu kuwa, jakar da ke rufuwa ruf tana tsare kwamfuta daga ƙurar da ke toshe mata fanka.

Hujja ta biyu da za a kawo mini ita ce kuɗi, kuma ita ce ta fi taɓa talaka. Jakar gefe ta ƙasashen waje ba ta da yawa a kasuwanninmu, kuma da canjin dala na yanzu mai kyau tana iya kusantar kuɗin keken kansa. Ban ga dalilin da zai sa mu tsaya jiran ta waje ba. Duk abin da ake buƙata yana nan: tamfol irin na rufin mota, soso, farantin roba, da ƙugiyoyin ƙarfe da kowane mai walda zai lanƙwasa. Dukawa da masu ɗinkin kujerun mota da ke kasuwannin Wuse da Garki da Nyanya suna yin aikin da ya fi wannan wuya kullum. Abin da suke buƙata shi ne a kai musu keken da kwamfutar, a bayyana musu aljihun nan mai rataya, a ce marufin ya sauko ya lulluɓe bakin jakar sosai, a kuma shafe ɗinkin da gam daga ciki. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a ɗauki jakar goyo mai kauri, ko ta gwanjo ce daga kasuwar Karmo, a sa mata faranti a baya da ƙugiyoyi biyu, a yi wa maratayanta aljihun da za a cusa su kada su shiga taya. Sai ta zama ta gefe a kan hanya, ta goyo idan an sauka. Ina ganin akwai sana'a a nan ga matashin da ya fara yin ta da kyau.

Akwai kuma mai tsoron ɓarawo, yana cewa abin da ke bayansa yana jin sa, abin da ke jikin keke kuwa ana iya fizgewa. Ƙugiya mai kullewa ba ta fita da fizga ɗaya, kuma wanda aka fizgi jaka daga kafaɗarsa yana cikin gudu, shi ma ƙasa zai tafi. Tsaron da ya fi shi ne jakar da ba ta tallata abin da ke cikinta, wadda babu sunan kamfanin kwamfuta a jikinta, da kuma cire ta a tafi da ita duk inda aka tsaya, ko masallaci ne ko wurin mai shayi. Abin da ya kamata ya yi ƙyalli a jikinta shi ne ƙyallen da ke mayar da hasken fitilar mota. Tun 1972 a hannun dama muke tuƙi a Nijeriya, motoci suna wuce mai keke ta hagunsa, don haka na fi son jakar ta kasance a hagu: direba yana ganin faɗinka, jakar ta yi nesa da maiƙon sarƙa, kuma can ne keke ke jingina idan aka kafa shi. Kowace jaka aka zaɓa, a ajiye kwafin muhimman ayyuka a wani wuri daban, domin ana sayen wata kwamfutar, amma kundin digirin da aka yi shekara ana rubutawa ba ya dawowa.

Ranar da za ku je saye ko karɓar ɗinki, ku tafi da keken. Lambar da ake faɗa, inci 13 ko 14 ko 15.6, awon gilashi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗin kwamfutar ba, saboda haka ku auna taku da tef ɗin tela. Mai inci 15.6 takan kai kusan santimita 36 a faɗi, kuma ya kamata ta shiga aljihun daidai, ba matsi, ba kuma wurin da za ta yi ta kai-komo. Ku rataya jakar, ku hau, ku juya feda ku ga ko dunduniya tana taɓa ta. Idan tana taɓawa, a matsar da ƙugiyoyin baya. Masu sa doguwar riga su lura kada wani maɗauri ya kama gefen rigar. Sannan ku cusa tsohuwar jarida a ciki, ku rufe, ku tsiyaya mata ruwan buta guda ta sama da ta gefe, ku buɗe ku duba. Idan jaridar ta jiƙe, a gyara kafin kwamfuta ta shiga.

A nan za mu dakata a shirin na yau. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya kai kowa gida lafiya.